Agogo Biyu a Hannun Malam

Jiya hedikwatar kamfaninmu da ke Turai ta sanya taro a lokacin sallar Juma'a mai zuwa, sai na tuna marigayi Malam. Shi ya koyar da mu tafiyar da kamfanonin ƙasa da ƙasa a Kaura, a karatun gaba da digiri, shekarar ƙaddamar da Shari'a. Agogo biyu yake ɗaurawa, mai lokacinmu da mai lokacin Turai, hannun rigarsa duk alli.

Ya taɓa tambayata, "In Turawa sun sa maka taro lokacin salla, mi za ka yi?"

Na ce, "Malam, in ƙi zuwa."

Ya ƙwanƙwasa agogon da ke nuna lokacinmu. "A'a, ɗana. Koya masu lokacinka tun da wuri."

Na kira su, sun ɗage taron. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sauke shi inda ba a duba agogo.