Kawu Kiari da Yaƙin Mai

Duk wanda ya taɓa haɗa tabarma da Kawu Kiari a garin Gure ya san takardar nan. Guntuwar takardar buhun siminti ce, kullum tana aljihun gaban rigarsa. A kawo abinci, kowa ya yi bisimilla ya kai hannu, shi kuwa sai ya zaro ta, ya ɗauki tsoka ko ƙosai ya danna a kai, ya ɗaga ta yana duban rana ta ciki. Duk inda mai ya taɓa sai ya yi haske kamar gilashi.

"Kun gani? Taga ta buɗe! Ta nan ajali ke leƙo mutum."

Ran sunan ɗan Alhaji Mamadu dillalin shanu haka ya yi wa naman suna, a gaban baƙi. Mushe ake ce masa, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. Alhaji ya ce, "Haba Mushe, ko yau ba za ka bari mu ci arzikinmu ba?"

"Ci abinka, Alhaji. Ni dai na ga taka tagar ta fi ƙofar garejinka faɗi."

Ku mutanen Gure kun yi dariya, ina wurin. Tun daga ranar kuka laƙaba masa Mushe Babu-Mai, yaranku na bin sa da sunan har ƙofar masallaci.

Abin da ba ku tsaya kun tambaya ba shi ne mafarin abin. Mahaifiyata Bintu yayarsa ce. Tuyar ƙosai take a bakin tasha, kuma da kaskon nan ta kai shi lakwal, makarantar boko, daga nan Yamai, har ƙasar waje, inda ya karanta ilimin sarrafa abinci da adana shi. Yana aiki a wani labo, ɗakin bincike, a Yamai, wata safiya mahaifiyata ta yanke jiki ta faɗi a gefen murhu, ba ta sake tashi ba. Likita ya ce kitse ne ya toshe mata hanyoyin jini. Kawu ya zo gaisuwa, bai koma ba. Ya ɗauke ni ina ƴar mitsitsiya, ya kori awaki daga ɗakinsu, ya share shi ya ce labo ne. Ya rantse sai ya samo abin da zai maye gurbin mai a cikin abinci, baki ya ji daɗi, zuciya ta huta.

To, ni da matarsa Inna Falmata mu ne muka ji a jikinmu. Yau yauƙin kuɓewa, gobe ƙaro, jibi ya haɗa su duka ya kwaɓa da gari ya gasa. Sai ya fito da faranti yana gumi.

"Falmata, ɗanɗana ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah."

Ta tauna, ta tauna, ta ce, "Mushe, kamar takalmi."

"Sabo ko tsoho?"

"Sabo."

"Alhamdu lillahi, an ci gaba! Na jiya tsoho kika ce."

Wallahi ba wasa yake ba. Har rawar kafaɗa ya yi ya koma ciki.

Sai kuma bikina. Ya ce ɗiyar yayarsa ba za a shayar da baƙinta guba ba, shi zai yi gato, wato kek ɗin biki, da hannunsa, ba ɗigon mai, ba man shanu, sai ƙaro. Inna ta roƙe shi, na yi kuka, ya ce ai shekara da shekaru yake shirin wannan rana. Gaton ya fito gwanin kyau kuwa, ja jawur, yana ƙamshi. Ashe hannunsa ya zarce wajen zuba ƙaron. Ɗan Tambai maroƙi, wanda kuka san bakinsa ba ya rufuwa, ya wawuri babban yanki ya cusa, ya ɗaga hannu zai wasa dangin ango. Shiru! Haƙora sun manne. Yana ta zare ido yana "Mmm! Mmm!" yana nuna tulu. Mata suka watse da dariya, wata har da birgima.

Kawu ya matso, ya leƙa bakin mutumin kamar likita, ya gyaɗa kai.

"Ban samu magajin mai ba tukuna, amma ga maganin roƙo na samar wa Gure."

Ku kun ci dariya kun tafi gida. Ni ce na shiga gidan miji da sunan ƴar gidan gato mai kulle baki, har na yi haihuwar fari ana kira na haka. Na daɗe ban taka gidansa ba. Ran da na je, bai ba ni haƙuri ba, faranti ya miƙo mini.

"Zara, wannan na rage ƙaron."

Na karɓa na ci. Me zan yi? Shi ya goya ni.

Firigo kuwa, akwatin sanyaya abinci, har ya bar duniya bai yarda ya shiga gidansa ba. Maigidana ya saya musu, Kawu ya sa aka mayar da shi a kan amalanke.

"Wannan bawan kuran ne, bawan lantarki. A ɗauke wuta ya zama akwatin wari. Matar Alakoss a ina za ta jona shi, a wutsiyar raƙumi?"

Matan Alakoss ɗin nan, makiyaya na can cikin daji, su ne kaɗai ba su taɓa yi masa dariya ba. Suna kawo cuku kasuwa, kafin su sayar rabi ya fara warin tsohon mai, sai su rabar a wulaƙance. Kawu ya dama ƙaro tsararo, ya nuna musu yadda za su shafe cukun su shanya a inuwa, iska ta daina shiga. Shi ma ya rataye nasa a labo, jere reras, ya hana kowa taɓawa, wai yana so ya ga iya inda za su kai. Wata rana baƙi suka sauka, gidan ba cefane, Inna ta tsinko ɗaya ta ba su da shayi. Ya dawo ya ga gurbi, ya ɗora hannu a ka.

"Falmata! Kin yanka mini babban ɗa! Wannan ya ga damina biyu!"

"To ai sun ce da daɗi."

Ya tsaya cak. "Sun ce da daɗi?" Ya zura takalmi ya bi su har tasha, ya tsayar da mota, yana tambayar su ɗaya bayan ɗaya ko cikinsu ya murɗa.

Abin ya yi aiki, wannan kam ko maƙiyinsa ya sani. Cukun matan nan ya riƙa kai wa Damagaram lafiya lau. Labari ya kai kunnen wasu masu porje, ƴan ƙungiyar raya karkara, suka zo da farar mota, suka sa masa farar riga, suka yi ta ɗaukar hoto, suka kwashe cukun da ke rataye, wai za a auna a Yamai a kira shi taro. Ya sa aka wanke babbar rigarsa aka buga, ya ninke ya ajiye. Kira bai zo ba. Daga baya wani ya kawo mana babban hoto daga Damagaram: ga cuku, ga ƙwaryar ƙaro, ga hannuwan Kawu, an yanke shi daga wuya. Sunansa ko a ƙasa babu.

Na ce, "Kawu, wannan ai sata ce da rana tsaka!"

Ya daɗe yana duban hoton. "Da sun gaya mini, ai da na yanke farce."

Bai ƙara ɗaga maganar ba. Amma daga nan ya fara zaftarewa, riga ta koma masa kamar an rataya a kara. Da ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce jikin ba abin da ya rage masa, a ba shi abinci mai maiƙo. Muka dubi juna, wa zai gaya masa? Ashe ya ji. Da hantsi ya kira Inna.

"Falmata, yi mini tuwon hatsi, miyar kuka. Ki zuba man shanu."

Ta zuba ta kawo masa. Ya kai loma, ya rufe ido, ya daɗe bai haɗiye ba. Hawaye suka gangaro masa ta gefen kunne.

"Kai! Falmata, ashe ko kusa ban zo ba. Shekarun nan duka takalmi nake ba ku."

Ta ce, "Sabo dai, Mushe."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Loma ta biyu bai iya ba. Bai ƙara sati ba a duniya.

Ran zaman makoki na ji ku da kunnena. "Gure ta yi rashin masani." "Irinsu ba a samu." Bakunan da suka koya wa yara yi masa waƙa a titi, su ne. Wani ma, ba zan faɗi suna ba, yana shafa fatiha yana tambayar Inna ko za ta sayar da tukwanen labo. Da yana raye, wa ya taɓa shiga ɗakin nan ya ce masa sannu da aiki? Matan Alakoss ne suka zo, tafiyar yini, suka zauna a bayan gida, suka ajiye wa Inna ƙullin cuku suka juya.

Ya Allah, ga Kiari nan ya zo maka, ƙashi da fata. Bai samu abin da ya nema ba, amma Kai ka san don wa ya nema. Ka gafarta masa, ka sanyaya makwancinsa, ka sada shi da yayarsa Bintu cikin rahamarka. Inna Falmata kuma ka ba ta haƙurin zaman gidan nan da ya yi mata shiru. Amin.