Fankoki Tara da Wayar Wuta

Ranar Talata ce, ƙarfe biyu da minti goma na rana, a tsakiyar bazara, a shagona na haɗa bidiyo da ke Makarfi. Mu biyu ne a ciki: ni da yayata, wadda ta taso daga kasuwa da ragowar mazarƙwailarta a kwando domin mu tafi ƙauye tare. A daidai wannan minti kwamfutar ta mutu karo na uku.

Abin da nake ƙoƙarin fitarwa bidiyon bikin yaye ɗalibai ne. 'Yar autar Baffa, ƙanin mahaifinmu, ta gama karatun jinya, shi kuwa bai samu zuwa ba saboda ciwon ido. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama za a yi wa aiki washegari a Zariya, kuma likita bai ɓoye masa komai ba: idon zai iya gyaruwa, zai iya tafiya gaba ɗaya. Ƙarfe shida na yamma mota za ta ɗauke shi daga gidansa a yankin Taba. Abu ɗaya ya roƙa, ya ga yarinyar cikin fararen kaya tana karɓar takardarta, a babban talabijin ɗin maƙwabcinsa, don allon waya ya yi masa ƙanƙanta.

Waɗanda suka ɗauki bikin da waya daga nesa suka ɗauka, ba a bambance ta da sauran ɗalibai. Ni kaɗai na kama fuskarta kusa, da kyamarar aro. Na kwashe hotunan a kwamfuta, na mayar da kyamarar, mai ita ya goge katin don wani aiki. Hotunan kuma ba sa buɗewa a talabijin sai kwamfuta ta sauya su, aikin da ke cin kusan sa'a guda. Tawa minti bakwai take yi, ko takwas, allo ya yi baƙi.

Da hannuna na haɗa ta a makon, bayan tsohuwar ta ƙone. Rufin shagona kwano ne, ba silin, shi ya sa abokina mai sayar da kayan kwamfuta a Zariya ya ce in cika ta da fankoki. Masu fitila kawai yake da su. Na ɗauki tara: uku a gaba suna jawo iska, uku a sama da ɗaya a baya suna fitar da ita, biyu a kan ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfutar. Kowace fanka wayoyi biyu gare ta, ɗaya mai haƙori huɗu ta juyi, ɗaya mai haƙori uku ta fitila. Babban allon ciki ba shi da gurbin wayoyi goma sha takwas, don haka dukkansu suka tafi wani ɗan akwati da ake kira hob, shi ne ke rarraba musu aiki. Na manna shi a bayan kwamfutar, na ɗaure wayoyin da kyau, na rufe murfin.

Na kira abokina, na sa murya a fili don hannuwana su samu aiki.

"Mutumina, ta sake mutuwa."

"Zafi ne wannan," in ji shi. "Ka haɗa wa hob wayar wuta?"

"Na haɗa."

"Wuta ta zo wa fankokin?"

Na duba ta gilashin da ke gefen kwamfutar. Zobba tara na haske suna zagayawa, ja ya bi kore, kore ya bi shuɗi.

"Ta zo. Duk taran, ba wadda ta ƙi."

"To ba daga fanka ba ne. Duba injinka, ƙila yana sauke ƙarfi."

Tun safe aka ɗauke wutar gari, janareto ne ke ruri a bakin ƙofa. Na fita na auna shi, lafiyarsa lau. Ƙarfe uku saura minti ashirin na sake kunnawa. Wani gargaɗi na Turanci ya fito game da fanka, na danna na wuce, don abokina ya taɓa ce mini mai amfani da hob yakan ga irinsa. Aiki ya kai kashi goma sha biyu cikin ɗari, allo ya yi baƙi.

Abokina ya ce in cire ma'ajiyar tunani in goge in mayar. Na yi. Ya ce ƙila man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyi bai wadata ba. Na kai hannu zan kwance ƙarfen, ya ƙona mini yatsa, na jira ya huce, na shafa sabo. Duk wannan a kashe nake yin sa, in rufe gilashi, sannan in kunna. Ƙarfe uku da minti ashirin da biyar ta mutu karo na biyar.

Ɗan Baffa ya kira daga gida. Ya ce tsohon ya yi wanka, ya sa babbar riga, an kai shi ɗakin maƙwabci tun bayan azahar yana zaune a gaban talabijin.

"Me zan ce masa?"

"Ka ce muna hanya."

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai a rediyo, an koya mini yadda murya ke tsayawa daidai ko me ke cikin takardar. Da wannan muryar na yi masa ƙarya. Na ajiye wayar. Na yi lissafi: sa'a guda na aiki, minti arba'in a kan babur. Idan ƙarfe huɗu ta wuce ban fara ba, babu sauran amfani.

Na kunna karo na shida ba tare da na canza komai ba, don ban san abin da zan canza ba. Gilashin ma ban mayar ba. Yaya, wadda tun da ta zo take fifita da murfin kwali, ta jawo kujerarta kusa da kwamfutar.

"Bari in sha iskar masu kuɗi," in ji ta. "Fanka tara a ɗaki, mutum yana gumi kamar mai dafa rake."

"Yaya, don Allah."

Ta miƙa gefen mayafinta a gaban fankokin, ta riƙe shi can. Mayafin bai motsa ba.

"Auta, waɗannan fankoki ne ko fitilun biki?"

"Ba ki ga suna juyawa ba?"

"Na ga kala tana juyawa. Sa hannunka."

Na sa yatsa a kan fiffiken ta tsakiya. A tsaye yake. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk taran a tsaye. Hasken ne ke zagaya zoben, ido ya ɗauka fanka ce ke gudu, ƙarar janareto kuma ta rufe shirun da ya kamata in ji tun ranar farko. Na kashe kwamfutar da kaina kafin ta mutu, na kira Zariya.

"Ba sa juyawa. Ko ɗaya."

"Ba ka ce ka haɗa wayar wuta ba?"

"Na haɗa. Mai haƙori uku, daga allon ciki zuwa hob."



"Malam, wannan ai ta fitila ce. Ni wutar fawa nake nufi, mai faɗin baki, wadda ke fitowa daga akwatin lantarkin kwamfutar. Ita ke juya su."

A gidan rediyo ba a bari mu ce wuta kawai. Ko lantarki, ko haske, ko gobara, sai ka zaɓi ɗaya, kuma ni kaina na sha gyara wa sababbin ma'aikata wannan. A waya da abokina na ce wuta kamar kowa, shi ma ya ce wuta, muka yi sa'a ɗaya da rabi kowa na ba da amsar gaskiya.

Wayar fawar tana bayan kwamfutar, ni na naɗe ta na ɗaure da hannuna, don na ɗauka rara ce. Na yanke ɗaurin da reza, na haɗa ta da hob. Cikin sauri na fizge ta fitilar ma, na zo mayarwa na nufi wani gurbi mai haƙori huɗu da ke kusa.

"Ƙirga haƙoran kafin ka tura," in ji abokina, kamar yana gani. "Mai huɗu ƙarfinsa ya ninka, zai ƙone fitilun duka, ƙila har da hob."

"Na bar ta a cire."

"Ya fi. Shiga saiti ka sa fankokin a ƙarshen gudunsu."

Na kunna. Babu haske ko ɗaya, sai ƙara kamar ta injin niƙa daga nesa, takardun da ke kan tebur suka tashi. Yaya ta danne su da ƙullin mazarƙwaila. Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu ne. Bidiyon duka ba zai fita ba.

Na yanke jawabai, na yanke jerin gwano da cin abinci. Na bar inda aka kira sunanta, da tafiyarta zuwa dandamali, da inda ta juyo ta dubi kyamara ta ce a gaida Baba. Minti goma sha ɗaya. Muka zuba wa allon ido, kashi goma sha biyu, sha uku, ashirin. Yaya tana ta salati a hankali. Ƙarfe biyar saura minti ashirin na zare filas ɗin da na kwafe bidiyon a ciki, na bar shagon a hannun mai ɗinkin da ke kusa da ni, kwandon Yaya ma a can ya kwana.

Mun isa ƙarfe biyar da minti ashirin da biyar, direba ya riga ya juya kan mota. Baffa ya matso da kujera har gwiwarsa ta taɓa teburin talabijin, ya rufe idon hagu da tafin hannu duk da ba ya gani da shi. Sau biyu ya kalla. A na biyun ya ce in tsayar a inda ta juyo, na tsayar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ta rame.

An yi aikin da safiyar Laraba. Idon yana bambance rana da inuwa, bai wuce nan ba.