Hodar da Ban Kai wa Yaya Ba

Shekarun da na yi a ɗakin gwaje-gwaje a Kazaure kusan duk sun ƙare ne a kan wata farar hoda da ake fatan wata rana ta zama maganin ƙwayar cutar hanta. Idan an haɗa ta, iri biyu take fitowa a gauraye, kamar hannun dama da na hagu. Nauyinsu ɗaya, launinsu ɗaya, amma ɗaya ce ake sa ran za ta taɓa cutar. Ɗayar kuwa ba mu san abin da za ta yi wa jikin mutum ba.

Aikina shi ne raba su. In narka hodar, in zuba mata wani asid irin wanda ke cikin tsamiya, in sa kwalbar a firji ta yi sanyi a hankali har ɗaya ta riga ɗaya daskarewa. In tace, in haska ta a na'ura in ga ɓangaren da ta karkata hasken. Da bazara sai a ɗauke wuta, komai ya sake narkewa, in koma farko. Wallahi na gaji da kwalbar nan.

Ana cikin haka ciwon hanta ya kwantar da yayana a Gwiwa. A wajenmu mai zuwa dubiya ba ya zuwa hannu rabbana. Wannan ya kawo sassaƙe, wancan rubutu, maƙwabciya ta kawo saiwar da aka ce ta tashi wani a Babura. Ni da kowa ya san magani nake haɗawa, lemo da kankana nake kaiwa. Matarsa ta daina ɗaga ido idan muna gaisawa.

Wata Juma'a ya sa aka bar mu mu biyu. Idanunsa sun yi rawaya, cikin ya kumbura.

"Auta, ki ɗan ƙullo min garin nan naki mana."

"Yaya, bai zama magani ba. Ko ɓera ba a ba wa ba tukuna, kuma ban gama raba shi ba."

"To kawo shi a haɗen. Cikin nan ya sha abin da ya fi shi."

Na yi ta bayani har bakina ya bushe. Ya saurara har ƙarshe, don shi mutum ne mai kawaici, sannan ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya fuskarsa bango. Na san daidai na yi, amma sanin bai rage min nauyin zuciya ba.

Da damina ya rasu. A wajen zaman makoki matarsa ta matso kusa da ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai yayanki ya ce a duba, wataƙila ke ce, kin gama raba garin."