Kawu Tunku a Tashar Tasawa

A tashar Tasawa, Zuhura tana kallon wani tsoho mai ranƙwafaffen baya, rungume da ƙatuwar 'yar tsana mai siffar tunku. Muƙamuƙinta ya tsage, zare ne ke riƙe da shi. In tsohon yana magana, yatsunsa na dama sai su riƙa buɗewa suna rufewa kamar baki.

"Baba, babu wuri a ciki, saman mota za ta hau," in ji direban motar Mayahi, yana kama ƙafar 'yar tsanar.

"Buhunan gero za su karya ta, ɗana."

Direba yana ja, zaren yana miƙewa.

Sai tsohon ya zura hannu cikin 'yar tsanar, ya durƙusa bayan ƙofar mota, ya ɓoye kansa. Wataƙila haka ya yi shekaru yana yi ƙarƙashin tebur a shirin yara na gidan tele, wato talabijin, har bayansa ya lanƙwashe.

Wata siririyar murya ta fito: "Yara, kun wanke hannu?"

Direban, mai furfura a gemu, ya gane muryar da ya sani tun yana yaro, ya saki ƙafar. Ya dubi tafukansa, baƙi ƙirin da man inji.

"Kawu Tunku, ban wanke ba," ya ce a hankali.

Ya buɗe wa tsohon da 'yar tsanarsa ƙofar gaba.