Lif ɗin Malam Garba

Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta a shekarar 1960, mun yi fareti a filin makarantarmu ta Illo har ƙafafunmu suka yi zafi, kowane yaro da 'yar tutarsa a hannu. Bayan mun koma aji, Malam Garba ya rubuta "leave" a allo, ya ce mu karanta ta lif. Ya ce Turawa na faɗinta in za su bar gari, kamar yadda suke barin ƙasarmu yau. Ita ce kuma izini, ita ce hutun ma'aikaci, da ita ake barin kaya a hannun wani amana. Na yi ta mamakin kalma ɗaya da wannan yawan aiki.

Malam baƙo ne a garin, a ɗakin zaurenmu yake zaune, Inna ke kai masa tuwo. Shi ya shawo kan Baba ya bar ni karatu, ya kuma yi alkawarin kai ni Birnin Kebbi jarrabawar shiga babbar makaranta. Da rani ya kama, sai ya ɗaure akwatinsa a keke, ya damƙa mini lambun albasarsa na fadama. "Lif zan tai, Sanda," ya ce. "Ka riƙe min wanga lambu." Na fassara wa Inna cewa hutu ne, ina alfahari da Turancina.

Kullum kafin makaranta nakan sauka fadama da masaki ina ban ruwa, da yamma in cire ciyawa, in kori awakin Fulani, abokaina na can suna langa. Ɗakinsa ma ni ke sharewa. Albasa ta nuna, sai ga wani Badende daga tsallaken Dahomey da jakuna ya fara tuge ta. Na riƙe masa riga ina kuka. Da Baba ya iso, cikin tausayi Badenden ya gaya masa cewa tun kafin Malam ya tafi ya sayar masa da lambun, saboda Malam ya sami kujerar da wani Bature ya bari a Kaduna. Washegari Baba ya miƙa mini fartanya, jarrabawar kuma aka yi ta ba ni.

Yanzu jikokina na zuba Turanci a waya, suna dariyar nawa. Ni kuwa har yau kewar Malam Garba nake yi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.