Ƙafar da Ba Ta Jin Kwalta

Duk Daura babu mai ƙafa irin tawa. Haka nake faɗa a kasuwar shanu, inda nake dillanci. Nakan ce ko garwashi na taka, garwashin ne zai yi ihu.

Ina da hujja kuwa. Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, masallacin Juma'a cika yake har sahu ya fito kan kwalta. Da bazara kowa kwali yake nema ya shimfiɗa, wanda bai samu ba ya yi ta ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan. Ni kuwa sai in tuɓe takalmi in tsaya ƙyam har liman ya sallame.

Ciwon suga ya daɗe tare da ni. Likita ya ce kullum in duba tafin ƙafata, kada in taka ƙasa ba takalmi. Na ce masa ni ba amarya ba ce. Da tsikarin da nake ji a yatsu, kamar tururuwa na yawo, ya ɗauke, sai na ɗauka sauƙi ne ya samu.

Wata Juma'a na dawo gida, maiɗakina ta ga jini a tabarma.

"Malam, ɗago ƙafar nan."

Fatar tafin ta saluɓe, rabi na manne cikin takalmi. Ban ji komai ba. Na ce ta kawo ruwan zafi da gishiri in gasa, yadda muke wa targaɗe. Ta ce ruwan ya yi zafi. Na tsoma, na ce salaf ne, ƙaro. Abin da kwalta ta rage, ni na dafa shi da kaina.

Wari ne ya kai ni asibiti a Katsina. Can na baro babban yatsa da na kusa da shi. Likita ya ce jijiyoyin da suka mutu ba sa dawowa, sai dai a tsare abin da ya saura.

Yanzu ita ke taɓa ruwan alwalata kafin in zuba. Kullum sai na zazzage takalmi saboda tsakuwa, in leƙa tafina da madubi. Cikin shanu na daina shiga, kada su taka ni ban sani ba.

Da taubashina ya zo dubiya, na ce masa ko da ake wanke ciwon ban ce uffan ba.

Ya dubi bandejin, bai yi dariya ba.

"Ina za ka ce uffan? Muna ta yaba maka jarumta, ashe gawa kake ja zuwa masallaci."