Zakariya'u Meteyo, Mai Duba Mana Sama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga watan Mayu na 2024, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran Malam Zakariya'u na Droum, wanda yaro da babba suka fi sani da Meteyo. Ya rasu a Zinder bayan jinyar kwana tara. Ni Ari taubashinsa ne, shekara sittin muna tsokanar juna, don haka a yi mini uzuri idan dariya ta kufce mini a cikin kuka.

Zakariya'u, shekara ashirin da biyu ka yi kana kula da ma'aunin ruwan sama da aka kafa a bayan gidanka. Duk safiya sai ka duba kwalbar, ka rubuta abin da ka gani, ka aika birni. Idan ma'aikatan meteyo, wato masu duba yanayi, suka turo hasashe, kai ne ke karanta shi a rediyon gari, ka ƙara masa gishiri. In sun ce yayyafi, kai sai ka ce a ɗaure jakuna.

Ba mu manta ranar da ka sanar cewa an yi ruwa milimita talatin a Droum ba, alhali ko ɗigo bai sauka ba. Daga baya aka gano matarka, Sadiya, ce ta wanke mazurarin ma'aunin ta bar ruwan a cikin kwalbar. Tun daga nan mutane suka juya maganarka. In ka ce za a yi ruwa, sai mata su fito da wanki.

A daminar bara waccan aka turo maka saƙo cewa hadari mai ƙarfi na tafe, da iska da ruwa na kwana uku. Ka faɗa a rediyo, aka yi dariya. Ka faɗa a ƙofar masallaci, liman ya ce Allah ne masani, ka ce haka ne, amma a gyara indararo. Ni kaina na ce maka ka je ka tambayi Sadiya ko ta sake yin wanki. Ba ka yi fushi ba. Ka hau kekenka ka bi gidajen bakin kwari ɗaya bayan ɗaya, kana roƙon su kwashe hatsi su koma lekol, makarantar bokon gari, tunda ginin siminti ne kuma a tudu yake.

Wasu suka bi don kunyarka. Iya Lubabatu, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ɗakin ƙasa, ta ƙi.

"Ɗan nan, a ɗakin nan na haifi goma," in ji ta. "Kwalbarka ce za ta fitar da ni?"

"Iya, to akuyar nan fa?"

"Ita ma ba ta sauraron rediyo."

Gabas ta riga ta yi baƙi. Sai ka kwance akuyar, ka saɓa ta a wuya, ka zura da gudu. Iya ta ɗauki muciya ta bi ka tana ihun ɓarawo, maƙwabta suka fito, masu tare ka da masu kallo, har kowa ya tsinci kansa a farfajiyar lekol. Iya ta same ka da muciyar sau biyu a gadon baya kafin iska ta taso. Ruwan da aka fara a La'asar ɗin nan bai ɗauke ba sai a kwana na uku. Gida bakwai suka rushe a bakin kwari, ɗakin Iya ne na farko, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Rufin da iska ta fara kwashewa a garin kuwa naka ne, domin duwatsun da ka tara na danne shi ka rabar wa mutane. Da na zo jaje na tarar da kai a tsakar ɗaki, sama a buɗe, kana murna wai yanzu kana iya duba hadari daga kan gado.

Ranar sadakar ukunka Iya Lubabatu ta zo tana dogara sanda. Ta zauna kusa da Sadiya, sannan ta share ido ta ce, "Allah ya jiƙan ɓarawon akuyata. Ban taɓa ba shi haƙurin muciyar nan ba."

Ni ma ban taɓa ce maka ka yi gaskiya ba, taubashi. Ka yi gaskiya.

Allah ya gafarta maka, ya sanyaya makwancinka, ya sa aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Sadiya, da 'ya'yanka Mahamud da Raliya, da dukan jama'ar Droum. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.